Makwanci Ɗaya, Makoma Biyu: Shahunan Fadamar Hickling



Sharhinmu na yau zai kai mu gabashin ƙasar Ingila, gundumar Norfolk, inda ake da wata fadama mai suna Hickling, daf da gaɓar Tekun Arewa. A can, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai wata al'ada da baƙo zai iya ɗauka rashin aikin yi ne. Da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana sai ka ga mutane, tsofaffi da matasa, maza da mata, sun ajiye motocinsu, sun zura takalman roba na shiga taɓo, sun naɗe wuya da kunnuwa, kowa rataye da madubin hangen nesa. Su bi wata siririyar hanya a ƙafa har zuwa wani ɗan tudu kusa da tsohon injin iska na janye ruwa, wanda ake kira Stubb Mill. Nan za su ja su tsaya cikin sanyin da ke ƙage yatsu, su fuskanci wani makeken filin ciyawar ruwa, su kame bakinsu. Abin da ya fito da su shi ne dawowar shahuna makwancinsu.

Dole su fito da wuri, domin a tsakiyar Disamba rana kan faɗi a wannan yanki tun kafin ƙarfe huɗu, yinin gaba ɗaya bai cika awa takwas ba. Wanda ya tsaya shan shayi sai ya tarar an watse.

Babban tsuntsun da ake zuwa kallo wani nau'in shaho ne mai zama a fadama, bari mu kira shi shahon fadama. In ya buɗe fikafikansa sukan haura mita ɗaya. Macen ta fi namijin girma, launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, da ɗan fari a ka da maƙogwaro. Namijin kuwa launi uku gare shi: ƙasa-ƙasa a baya, ruwan toka a fiffike da wutsiya, baƙi a bakin fiffike. Salon farautarsa daban yake da na sauran 'yan uwansa masu faɗowa daga ƙololuwar sama. Shi ƙasa-ƙasa yake tafiya, a hankali, fikafikai a ɗage sama kaɗan, kai a sunkuye, yana bin saman ciyawa yana kasa kunne. Gashin fuskarsa a zagaye yake, yana tattaro sauti zuwa kunnuwa, saboda haka motsin ɓera a cikin ciyawa bai cika kuɓuce masa ba. Abincinsa ɓeraye ne da ƙananan tsuntsaye da kwaɗi, in hunturu ya yi tsanani har mushe yana ci.

Da rana kowane shaho shi kaɗai yake kiwonsa, wani a gonaki, wani a bakin teku, wani a fadamun da ke nesa. Amma da zarar haske ya fara ja baya, sai a hango su suna ɓullowa ta kowace kusurwa, ɗaya, biyu, biyar, goma. Wasu su sauka a kan ƙananan itatuwa su ɗan huta. Wasu su yi ta kewaya filin, su yi kamar za su sauka, su fasa, su sake tashi. Wani lokaci sai dukansu su tashi tare su cika sama, daga nan su riƙa faɗawa cikin ciyawa ɗaya bayan ɗaya har a daina ganin kowa. A ƙasa suke kwana, a tsakiyar ciyawar da ruwa ya kewaye. A yamma mai kyau akan ga gomomi, a wasu shekarun adadin kan kusanci ɗari.

Ba su kaɗai ke zuwa ba. Akwai ɗan uwansu da ke saukowa daga tuddan arewa, wanda namijinsa ruwan toka ne mai haske da baƙin bakin fiffike, macensa kuma ƙasa-ƙasa da fari a gindin wutsiya. Shi za mu kira shahon tudu, ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa. Akwai wani ɗan ƙaramin shaho mai tsananin gudu, mafi ƙanƙanta a cikin irinsa a Birtaniya, wanda kan gilma kafin mutum ya ɗaga madubi. Akwai farar mujiya da ke fara nata aikin daidai lokacin da su suke tashi daga nasu. Sannan daf da duhu akan ji kukan wasu dogayen tsuntsaye, dangin gauraka amma marasa tukku, suna shigowa a jere. Su ma suna da tarihi: sun shafe kusan shekara 400 ba sa hayayyafa a Birtaniya, sai a 1979 wasu ƙalilan suka sauka a fadamar Horsey da ke maƙwabtaka da Hickling, aka samu ɗan da ya rayu har ya tashi a 1982.

To, me ke sa tsuntsun da ke yini shi kaɗai ya nemi jama'a da dare? Masana suna da amsoshi, ko da yake ba su gama daddalewa ba. Ta farko ita ce tsaro. Mai kwana a ƙasa yana fargabar yanyawa da ire-irenta, ciyawar da ke tsaye cikin ruwa kuwa tana da wuyar shiga ba tare da an ji motsi ba, kuma kunnuwa sittin sun fi biyu. Ta biyu ita ce wurin da ya dace da kwana ba shi da yawa, dole a taru inda yake. Ta uku kuwa tana da alaƙa da ƙasarmu. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Peter Ward ya yi nazarin jan-baki, tsuntsun nan mai cinye wa manoma gero da dawa, a arewa maso gabashin Najeriya, ya wallafa sakamakon a 1965. Daga baya, a 1973, shi da wani masani ɗan Isra'ila, Amotz Zahavi, suka fito da ra'ayin cewa makwancin tsuntsaye wuri ne na samun labari: wanda ya kwana da yunwa yakan lura da wanda ya dawo a ƙoshe, gari na wayewa ya bi shi. Har yau ana muhawara a kan ko wannan ya shafi shahuna, amma ra'ayin ya zama ginshiƙi a ilimin halayyar tsuntsaye.

Jama'a, abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan taro da ake zuwa kallo, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce babu shi. A shekarar 1971, a duk faɗin Birtaniya, shahon fadama namiji ɗaya da mace ɗaya ne kacal suka yi sheƙa, a wani gandun tsuntsaye da ake kira Minsmere, a gundumar Suffolk.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu uku ne suka kai shi wannan hali. Na farko, busar da fadamu. Tun ƙarni na 17 aka duƙufa wajen haƙa magudanu a gabashin Ingila ana janye ruwa domin a samu gonaki, da taimakon injiniyoyi irin su Cornelius Vermuyden ɗan ƙasar Holan, har aka wayi gari abin da ya rage na manyan fadamun wancan yanki bai taka kara ya karya ba. Na biyu, bindiga da tarko. Masu gadin dajin farauta na attajirai sun ɗauki duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki a matsayin abokin gaba, ga kuma masu tara ƙwai da masu cusa wa gawar tsuntsu auduga su ajiye don ado. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, shahon fadama ya daina hayayyafa a ƙasar baki ɗaya. A shekarun 1920 ya sake dawowa fadamun Norfolk, ya fara farfaɗowa, sai abu na uku ya faɗo masa, wato maganin ƙwari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manoma sun rungumi DDT da danginsa hannu bibbiyu. Illar irin wannan magani ita ce ba ya narkewa, taruwa yake yi a kitsen jiki. Ƙwaro ya ci kaɗan, ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwari ɗari, shaho ya ci ƙananan tsuntsaye ɗari, sai duk gubar ta tattaru a jikin na ƙarshe. Wasu shahunan mutuwa suke yi kai tsaye. Wasu kuma ɓawon ƙwansu ne ke yin laushi, uwa ta hau kwanci ya fashe a ƙarƙashinta. A 1962 Rachel Carson 'yar Amurka ta fitar da littafin da ya farkar da duniya game da wannan haɗari. A 1967 kuma wani masani ɗan Birtaniya, Derek Ratcliffe, ya auna tsofaffin ƙwayayen shahuna da aka adana a gidajen tarihi, ya gwada su da na zamaninsa, ya nuna cewa ɓawon ya fara raguwa ne daidai lokacin da aka fara amfani da maganin.

Yadda aka yi tsuntsun ya dawo babu siddabaru a ciki. An yi dokar kare tsuntsaye a 1954, aka ƙarfafa ta da wata a 1981. An fara taƙaita waɗancan magunguna tun farkon shekarun 1960, aka haramta DDT a aikin gona a shekarun 1980. Sannan aka riƙe fadamun da suka rage, aka kuma ƙirƙiri sababbi. Ita kanta Minsmere gona ce a da. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sakar mata ruwa da gangan don kada sojojin Jamus su samu wurin sauka, ciyawar ruwa ta mamaye ta, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta karɓi kula da ita a 1947. Tafkin Hickling ma aikin hannun mutum ne. An daɗe ana zaton halitta ce, sai a shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta gano cewa gefen tafkunan yankin a miƙe yake sambal, alamar haƙa aka yi. Ashe ramuka ne da mutanen da suka haƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce suna ɗibar ƙasar ruɓaɓɓun ciyayi don yin makamashi, daga baya ruwa ya cike su. Ƙungiyar da ke kula da wurin a yau, Norfolk Wildlife Trust, an kafa ta tun 1926.

Kula da fadama kuwa aiki ne na kullum. In aka ƙyale ciyawar ruwa ba a yanka, matacciya takan taru ta cike wurin, ƙasa ta bushe, itatuwa su tsiro, cikin 'yan shekaru fadama ta koma kurmi. Shi ya sa duk hunturu ake yankan wani sashe a bar wani, a ɗaure ciyawar dami-dami a sayar wa masu baibayar gidaje, ana kuma daidaita yawan ruwa da ƙofofin magudanu. Da wannan, shahon fadama ya tashi daga sheƙa ɗaya zuwa ɗaruruwa. Har ya koyi yin sheƙa a cikin gonakin hatsi. A da, da zarar sanyi ya kawo kai yakan yi ƙaura zuwa kudu, wasu har Afirka. Yanzu da yawa sukan zauna su ci hunturu a gida, abin da ya sa makwancin Hickling ke cika.

In da a nan labarin ya tsaya, da sai mu yi tafi mu tashi. Amma ku tuna da shahon tudu, mai ruwan toka. Ciyawa ɗaya suke kwana a ciki da shahon fadama, doka ɗaya ke kare su, gubar da aka janye an janye wa kowa. Duk da haka, a yammacin da za a ƙirga shahunan fadama talatin ko arba'in, in an ga na tudu biyu ko uku sai a yi ta murna. A shekarar 2013, a duk faɗin Ingila, ba a samu sheƙarsa ko ɗaya da ta fitar da ɗa ba.

Bambancin yana inda kowannensu ke zuwa idan bazara ta yi. Shahon fadama yana haihuwa a nan cikin gandu ko kusa da shi. Shahon tudu kuwa yakan koma tuddan arewacin Ingila da Sikotilan, inda ake kiwon wata irin fakara ta tudu domin masu kuɗi su biya su harbe ta, a kakar farautar da ake buɗewa ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Shahon yana cin 'ya'yan wannan fakara, wannan gaskiya ne, wani dogon bincike da aka yi a Langholm ta Sikotilan a shekarun 1990 ya nuna cewa in shahunan suka yi yawa suna iya durƙusar da sana'ar. Don haka masu gadin tuddan suna da abin faɗa, ga kuma ayyukan yi da suka rataya a kan farautar. Sai dai kashe tsuntsun laifi ne a doka, kuma ana kashewa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya bi sawun shahunan tudu 58 da aka maƙala wa na'urar tauraron ɗan adam. Kashi 72 cikin 100 an tabbatar, ko kuma alamu masu ƙarfi sun nuna, an hallaka su ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma yiwuwar tsuntsu ya mutu ko ya ɓace ta ninka sau goma a yankunan da filayen farautar suka fi yawa. An ɗan samu ci gaba daga baya, domin a 2023 'ya'ya 141 suka tashi daga sheƙa a Ingila, amma rigimar ba ta mutu ba.

Wannan shi ne abin da sharhin nan ke son mu lura da shi. Gandu yana iya ba tsuntsu wurin kwana, amma ba ya iya raka shi inda zai je gobe. Tsuntsun da duk rayuwarsa ke cikin kariya ya farfaɗo. Wanda rabin shekararsa ke hannun masu jin haushinsa, har yanzu yana tangal-tangal. Duk wanda ya kafa allo ya rubuta cewa nan gandu ne, ya koma gida yana ganin ya gama aiki, to rabin aikin ma bai yi ba.

Kuma ta yaya aka san duk wannan? Ta hanyar waɗancan mutane masu tsayuwa cikin sanyi. Shaho da rana a warwatse yake, ba ya ƙirguwa. Makwanci ne kaɗai ke tara shi wuri ɗaya, kamar yadda makiyayi ba ya sanin ko wata saniya ta ɓata sai da yamma in garke ya dawo. Tun hunturun 1983 ake gudanar da ƙidayar makwantan shahon tudu a Birtaniya, inda 'yan sa-kai ke fita rana guda a wata, kowa a makwancin da aka ba shi, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ba a biyan su ko sisi. Suna kuma da ladubba: ba a matsawa kusa da ciyawar, ba a ɗaga murya, ba a sakin kare, ba a haska tocila sai an juya baya za a koma. Tsuntsun da aka tayar cikin daren sanyi yakan ƙona kitsen da yake buƙata don ya kai safiya. Makwantan shahon tudu da ke wajen gandu kuwa ba a yayata inda suke, don kada labari ya kai kunnen mai bindiga.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da shahon Ingila? Ruwanmu shi ne, irin wannan shaho na fadama baƙonmu ne. Waɗanda ke hayayyafa a sassan Turai da ruwa ke daskarewa sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara duk shekara su yi hunturu a Sahel: a fadamun Kogin Neja da ke Mali, a Tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Mai noman rani ko masunci a wajajen Nguru da Dagona, in ya ɗaga kai a watan Janairu ya ga shaho mai farin kai yana bin saman kachalla a hankali, to shi ne. Yankin Tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta sauya, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin da ya dami shaho a nan shi ne ya dami manomin shinkafa da masunci da makiyayi.

Afirka ta Yamma ma tana da makwantan da suka fi na Turai nesa ba kusa ba. A watan Janairun 2007, kusa da Kaolack a ƙasar Senegal, masu bincike sun tarar da makwanci ɗaya mai ɗauke da ƙananan shahuna sama da 28,000 da suka zo daga ƙetare, tare da wasu 16,000 'yan gida masu wutsiya mai reshe biyu. Babban abincinsu fara ce da babe, wato aikin manomi suke yi masa kyauta. Sai dai labarin namu shahunan ba mai daɗi ba ne. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta a wajajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan kimanin shekara talatin, ya tarar manyan mikiyoyi da ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandaye. Wani babban bincike da aka fitar a 2024 ya duba nau'i 42 na irin waɗannan tsuntsaye a Afirka, ya samu 37 daga cikinsu sun ragu. Dalilan sanannu ne: sare manyan itatuwa, sa guba a mushe, farautar ungulu da mikiya don kai sassan jikinsu kasuwar masu magani, da feshin da ake yi wa jan-baki a makwancinsa, wanda kan kashe duk shahon da ya ci gawar.

Saboda haka, abin koyi daga Hickling bai buƙatar madubi mai tsada. Yana buƙatar a san abin da ake da shi, a kuma bi shi har inda yake zuwa. Malamin makaranta a Nguru ko Baturiya zai iya fita da ɗalibansa da yamma sau ɗaya a wata su rubuta abin da suka gani a littafi, bayan shekara goma littafin ya zama hujjar da babu mai musunta ta. Jami'o'inmu da ke kusa da dausayin su ne ya kamata su tattara irin waɗannan bayanai. Masu kula da madatsun ruwa su tuna cewa lokacin sakin ruwa da yawansa shi ke raya dausayi ko ya kashe shi. Masu ba da kwangilar feshi su tambayi abin da maganin ke kashewa bayan jan-baki. Sarakunan kasuwa da shugabannin maharba kuma su san cewa ungulun da aka kai kasuwa yau, ba a samun madadinsa gobe, domin ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.